Farantin Inna Ya Dawo Wayam

Kullum da hantsi Mansura kan shigo ɗakin da farin faranti a hannu. Ta durƙusa ta ajiye shi a gaban surukarta, Inna Lauratu, sannan ta ɗan ja baya, ta ɗaga waya ta ɗauke shi hoto. Faranti ne mai kyan gani, wannan kam ba musu. Ga kabeji an yanka shi siri-siri kamar zare, ga ɗanyen karas an jera a gefe, ga kokwamba, ga tuffa, ga 'yar aya an barbaɗa a tsakiya.

"Inna, ga abinci. A cinye duka fa, kar a rage."

"Allah ya yi albarka, 'yar nan," in ji tsohuwar, bakinta a rufe da gefen mayafi.

Ba ta taɓa farantin sai Mansura ta fita, domin a inda Inna Lauratu ta taso, wani ƙauye can bayan Sule Tankarkar, mace ba ta tauna a gaban surukarta. Idan an ja ƙofa sai ta ɗauki karas ta kai baki. Haƙoranta na gaba sun daɗe da tafiya, turamen da suka rage kuwa girgiɗi suke kamar tsohon shinge. Ta juya karas ɗin dama, ta juya shi hagu, ya ƙi ta. Ta tsotsi ruwan kokwamba, ta goga tuffa a dadashi har ya yi jini, daga nan ta haƙura. Mayar wa mutum da abincin da ya kawo maka kuma cin fuska ne, ko a ƙauye ko a birni. Saboda haka sai ta dafa bango ta miƙe, ta buɗe 'yar tagar da ke kallon lungun bayan gida, ta juye sauran a can. Faranti ya koma kicin wayam, Mansura ta sake ɗaukarsa hoto.

Tun bayan kaka aka kawo ta Gumel. Jiri ne ya kwashe ta a gona tana tsinkar soɓorodo, ɗanta Barau ya je da mota ya ɗauko ta. Ranar ta kama Alhamis, sai ya bi da ita ta kasuwar Maigatari, inda yake aiki da masu fitar da riɗi waje. A bakin tasha ya saya mata fura mai suga ta sha ta ƙoshi. Can gaba kaɗan suka ci karo da wani mai tallar magani da lasifika da 'yar na'ura a hannu. Ya soki yatsarta, ya duba, ya girgiza kai.

"Alhaji, suga ya hau. Ka yi da gaske."

Daga wannan magana ba a sake zuwa ko'ina ba. Mansura ta karɓi aikin da hannu biyu. Tana cikin wani guruf na mata a waya, matan ma'aikata da na 'yan kasuwa, waɗanda ba su da zance sai na rage tumbi da abin da ake ci a daɗe a duniya. Su suka tsara mata komai. Babu tuwo, babu fura, babu koko, babu gishiri, babu mai. Daddawa kuwa dama tun da Mansura ta tare a gidan nan mai tayil ta hana ta shiga kicin ɗinta, wai warinta yana kama labule. Da safe shayin ganye mai ɗaci, da hantsi farantin nan, da yamma ludayi guda na acca fara sol. Da wannan ludayin acca Inna Lauratu take rayuwa.

Bayan magariba Barau kan zo ya tsuguna a bakin ƙofa. Ɗanta ne na fari, shi ya sa tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta doguwar magana da shi. Idan ya zo sai ta juya fuska wajen bango.

"Inna, an wuni lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi."

"Ana dai cin abinci ko?"

"Ana ci."

Shi ke nan. Ya ga hoton faranti a cike, ya ga hoton faranti wayam, ya ji daga bakinta. Sai ya miƙe da sanyin zuciya, ya tura hotunan wa ƙannensa da ke Gagarawa da Kano, su kuma su aiko da addu'a: Allah ya saka wa Mansura, irin wannan mata sai an tona.

Wata rana Inna Lauratu tana cikin juye farantin ta ji dariya daga lungu. Wata mata ce gajeriya mai ƙiba, da ɗankwali ɗaure a baya, tana riƙe da igiyar akuya. Keziya ke nan, wadda ake kira Maman Christabel, matar Nehemiya da ke haya a gidan baya. Mutanen Filato ne, mijin yana aikin gwamnati, ita kuma tana sayar da acca da dankalin Turawa. A wurinta ma Mansura ke sayen accar.

"Mama, sannu da hutawa! Ashe ke ce mai lalata mini akuya? Yanzu fa dusa ba ta ci, sai ta kalle ni sama da ƙasa, wai ita da tuffa ta saba!"

Inna Lauratu ta yi dariya a cikin mayafi, dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce, "Ki rufa mini asiri, 'yar nan. Kada maganar nan ta shiga gida."

Keziya ta matso kusa da tagar. Idonta ya sauka a kan hannun da ke riƙe da farantin. Awarwaron tsohuwar ya zame daga wuyan hannu ya gangaro har gwiwar hannu. Dariyar ta tsaya mata a baki.

"Mama, to ke me kike ci?"

"Ana ba ni."

"Na ga ana ba ki. Na ce me kike ci?"

Tsohuwar ta janye farantin daga taga. Keziya ba ta ƙara tambaya ba. Ta ja akuyarta ta shige gida, ba a jima ba ta dawo da kofin silba lulluɓe da gefen zani. Kunun gyaɗa ne, da ɗuminsa, an sa masa tsamiya. Inna Lauratu ta karɓa. Ta zauna a ƙasa ta kafa kai, ba ta sauke ba sai da ta ga gindin kofin. Gumi ya tsatsafo mata a goshi. Ta ji kunun yana sauka yana buɗe hanya kamar ruwan farko a busasshiyar gona.

Haka suka yi ta yi na ɗan lokaci. Yau kunu, gobe fate mai laushi, jibi ɗan tuwon da aka dama da miya. Ƙafafun tsohuwar suka fara ɗaukarta, har takan fito tsakar gida ta sha hantsi. Mansura ta rubuta wa matan guruf cewa tsarin ya fara aiki.

Ranar da asiri ya tonu, Mansura ta dawo ɗaukar faranti da wuri, ta tarar da surukarta da kofin silba a baki. Ta karɓi kofin ta shinshina, ta ja mayafi, ta zagaya lungu. Inna Lauratu tana jin su ta taga.

"Maman Christabel, na ɗauka mu maƙwabtan arziki ne."

"Mu ne mana."

"To me ya kawo wannan? Idan suga ya kayar da ita, ke za ki amsa tambayar 'ya'yanta?"

"Haba Mansura! Dubi matar nan da idonki. Ba ta da haƙori, ya za ta yi da ɗanyen karas? Akuyata ke cinye abincin nan tun tuni. Accar da nake sayar miki ma, mu a gida da ganye da mai muke dafa ta, mu ci mu ƙoshi mu tafi gona. Ke kin ba ta ludayi ɗaya kamar magani."

"Ai maganin ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kin san irin wahalar da nake sha kafin in samo tuffar nan a Gumel? Wace suruka ce ke cin abin da Inna ke ci a garin nan? Ki ji da naki gidan."

Da yamma Inna Lauratu ta ji muryar Nehemiya ta bayan katanga, ƙasa-ƙasa, yana cewa da matarsa su fa baƙi ne a garin nan, kuma mai gidan da suke haya abokin Barau ne. In wani abu ya sami tsohuwar, a ce kunun wa ta sha? Keziya ta yi ta faɗa, daga baya ta haƙura. Washegari kafinta ya zo ya buga raga mai ƙarfi a tagar. Mansura ta gaya wa mijinta saboda sauro ne.

Yanzu faranti ba shi da inda za shi. Yakan wuni a gaban tsohuwar har kabejin ya yi laushi ya fara tsami. Mansura ta zo ta tsaya a kansa, ta riƙe ƙugu.

"Inna, ba a ci ba?"

"Zan ci, 'yar nan. Cikin ne bai nema ba."

Mansura ta san ba ciki ba ne. An gaya mata, kuma ta gani. Sau ɗaya ta markaɗa ganyen a na'ura ta kawo wani koren ruwa a kofi. Tsohuwar ta daure ta sha, ya wuni yana murɗa mata ciki, tana zaryar bayan gida da rarrafe. Daga nan Mansura ta koma wa farantinta, domin shi ya fi kyau a hoto. Ta tambayi matan guruf, ba ta ambaci haƙori ba, ta dai ce tsohuwa na ƙin abinci. Suka ce haka tsofaffi suke, kamar yara ne, kada ta sassauta, jiki sai ya saba, in yunwa ta kai mata za ta ci. Wannan amsa ta yi wa Mansura daɗi. Tun daga ranar, kafin Barau ya dawo daga Maigatari, da hannunta take juye farantin a kwandon shara, ta goge shi, ta ɗauke shi hoto.

"Ana dai cin abinci ko, Inna?"

"Ana ci."

Kwanaki suka yi ta tafiya, jikin yana tafiya tare da su. Zanin da Inna Lauratu take ɗaurawa sau ɗaya ya koma zagaye biyu. Ta daina sallah a tsaye. Idan ta ɗaga kai da sauri sai ɗakin ya yi duhu, tayil ɗin ya riƙa juyawa. Sanyi take ji ko da rana ta take. Abin da ya fi damunta shi ne hancinta, wanda ya ƙara kaifi kamar na kare. Idan maƙwabta suka ɗora miya tana sanin ko kuka ce ko kuɓewa. Idan mai ƙosai ta zuba ƙullu a mai can bakin titi, sai yawu ya cika mata baki, ta haɗiye, ta ja carbi.

Wata Asabar Mansura ta yi baƙi, ƙawayenta na guruf, da babbarsu Hajiya Ummulkhair wadda ta zo daga Kano da kwali a bayan mota. Aka baje a falo ana shewa. Can Mansura ta leƙo.

"Inna, a daure a fito a gaisa. Suna ta son ganinki."

Ta sa mata sabon hijabi, ta riƙo ta har falo. Abin da Inna Lauratu ta fara gani shi ne gorunan roba a hannun kowace mace, masu takarda a jiki da hoton zangarniya. Tun kafin ta zauna ƙamshin ya gaya mata ko mene ne. Fura ce, da citta da kanumfari, an dama ta da kindirmo.

"Masha Allah! Mansura, wannan ce Innar?" in ji Hajiya Ummulkhair. "Kai, kin yi aiki! Dubi yadda ta zama 'yar budurwa, ko ɗigon kitse babu. Inna, ai sai mu yi miki miji!"

Aka kwashe da dariya. Wata ta ɗaga gorarta ta ce, "Ni fa da nake raina furar nan, ashe gero shi ne sarkin hatsi. Yanzu Turawa ma nemansa suke ido rufe."

"Amma ba irin ta Fulanin tasha ba," in ji Hajiya. "Wannan inji ne ya yi ta, hannu bai taɓa ba." Ta lura da inda idon tsohuwar ya tsaya. "Af, a ba Inna ɗaya mana ta ɗanɗana."

Mansura ta yi saurin tare hannun. "A'a Hajiya, ita nata jikin daban. Rigakafi ya fi magani."

Duka suka juyo suna kallon tsohuwar. Da ta buɗe baki ta ce tana so, da an ba ta, ko don kunyar baƙi. Amma ta yi roƙon abinci a gidan ɗanta, a gaban matan mutane? Ta gyara hijabi.

"Na ƙoshi, Hajiya. Yanzu na tashi daga kan abinci."

Barau yana kiwon tattabaru a bayan kicin, irin masu gashi a ƙafa, waɗanda manyan mutane ke yayi. Da gero ake ciyar da su, geron da aka kwaso daga rumbun Inna Lauratu bayan an taho da ita, don kada ƙwari su ɓata shi. Kullum tana jin sautin watsa shi a ƙasa, tana jin kukan tsuntsayen suna ƙoshi.

Ran nan Mansura ta tafi gidan suna. Tsohuwar ta saurara har gidan ya yi tsit. Ta rarrafa ta fito, tana hutawa a hanya, har ta kai ga buhun. Ta zura hannu. Ta san geron nan, ita ta shuka shi, ita ta kore masa tsuntsaye. Ta damƙo cikin hannu ta ƙulle a bakin zani, ta waiga dama da hagu kamar ɓarauniya, ta koma ɗaki. Ta zuba shi a kofin da take shan ruwa, ta tura ƙarƙashin gado ya jiƙa. Washegari ya yi laushi, ya ɗan yi tsami. Ta riƙa ɗiba tana murzawa da dadashi, tana tsotse farin ruwan. Ba ƙoshi ba ne, amma ciki ya san an tuna da shi.

Tsamin ne ya tona ta. Mansura na shara ta jawo kofin da tsintsiya.

Wannan karon ta kai ƙara. Bayan magariba Barau ya zo bakin ƙofa, bai tsuguna ba.

"Inna. Haba Inna. Abincin tsuntsaye? Me aka rage ki da shi a gidan nan? In wani ya shigo ya gan ki a bakin buhun nan, me za a ce da ni a garin Gumel? Yarinyar nan tana kashe kanta a kanki. Ni ba na shiga harkar kicin, amma ina ganin komai a waya. Ko akwai abin da kike so ne ba a yi miki ba? Ki faɗa mini."

Fuskarta na wajen bango. Maganar ta taso daga ciki, ta hau ƙirji, ta zo har maƙogwaro. Kalma ce ƙarama, yaron goye ma ya iya ta. Amma wannan da ke tsaye ɗan fari ne. Ko ranar da ya faɗa rijiya yana yaro ba ita ta yi kururuwa ba, tsayawa ta yi a bayan danga tana cizon hannu har aka fito da shi. Kuma idan ta faɗa, ta haɗa shi da matarsa, ta zama tsohuwar da ta zo birni ta kashe wa ɗanta aure saboda tuwo. Iyayenta sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta haɗiye.

"Ba komai. A yi haƙuri."

Ya yi ajiyar zuciya ya juya. Tana jin sa a tsakar gida yana cewa, "Tsufa ne, Mansura. Ta fara rikicewa. Ki daure, lada za ki samu." Aka ja buhun gero aka kai sito, aka sa kwaɗo.

Bayan wannan Inna Lauratu ba ta ƙara fitowa ba. Wani lokaci takan ji motsin akuya a lungu, da muryar Keziya a hankali, "Mama? Mama, kina nan?" Ba ta amsawa, don kada ta jawo wa baiwar Allah fitina. Ƙafafunta suka kumbura, in ta danna da yatsa sai ramin ya zauna. Mansura ta gani ta ce alhamdu lillahi, ga shi har ta fara mayar da jiki.

Ranar wata Talata ta yi sujada a sallar azahar, ba ta ɗago ba. A haka Mansura ta same ta, goshi a ƙasa. Ta ƙwala ihu, ta kira Barau a waya. Ya baro Maigatari a guje, suka kai ta asibiti.

Da ta farfaɗo ta ga robar ƙarin ruwa a rataye, da wata nas doguwa mai furfura a gefen kai tana riƙe da hannunta. Sunanta Dinah. Barau da Mansura na tsaye a ƙarshen gado.

"Wa ya ce muku tana da ciwon suga?" in ji nas ɗin.

Barau ya ce, "An gwada ta."

"A ina?"

Ya sosa ƙeya. "A Maigatari."

"Mun gwada yanzu. Sugan ma ƙasa ya yi, shi ya kayar da ita. Jininta ya ƙare. Alhaji, ba zan ɓoye maka ba, irin wannan jiki a wurin yaran da ake kawo mana daga ƙauye nake ganinsa. Me take ci?"

Mansura ta matso da waya tana shafa hotuna. "Ga shi, Sista, ki gani da idonki. Kullum. Ga shi a cike, ga shi ta cinye. Ko mu ba ma cin irin wannan."

Nas Dinah ta kalli hotunan, ta kalli tsohuwar. Ta ce, "Ku ɗan ba mu wuri." Suka fita, ta ja labule. Ta sunkuyo, ta sa yatsa a hankali ta ɗaga leɓen Inna Lauratu, ta ga dadashin.

"Mama, ni ma 'yarki ce. Daga ni sai ke. Ki gaya mini gaskiya, in san abin da zan rubuta. Idan kika ce ba kya samun abinci, ba zan bari a fita da ke yau ba. A nan za ki zauna, mu ba ki kunu da madara har ki tashi. Ana ba ki abin da za ki iya ci?"

Inna Lauratu ta kalli ƙasan labule. Ga takalman ɗanta nan, baƙaƙe masu sheƙi, yana ta sauya ƙafa. A gadon kusa wata mata 'yar Gumel ta daina fifita, ta kasa kunne. Kafin la'asar labari zai kai kasuwa, kafin Alhamis ya kai Maigatari: Barau mai riɗi ya bar uwarsa da yunwa har ta faɗi. Abin zai bi shi, ya bi 'ya'yansa, ranar aurensu ma sai an tuna.

"Ana ba ni, 'yar nan," ta ce. Muryar ba ta fi ta sauro ba. "Har ina ragewa. Yaran nan ba su rage ni da komai ba."

"Mama..."

"Tsufa ne kawai."

Nas Dinah ta miƙe a hankali. Ta buɗe labule, ta ce da Barau a kwantar da tsohuwar ko da 'yan kwanaki ne. Ya kalli ɗakin, ya kalli matan da ke kallonsa, ya ce gida ya fi, akwai mai kula da ita. Ta ce to a ba ta kunu, da tuwo mai laushi, da wake, da ƙwai, da nono, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Ya ce to, to, in sha Allahu. Ta maimaita, ya sake cewa to.

A baranda, kusa da tagar da gadon yake, Mansura ta rage murya, amma kunnen mai yunwa ba ya barci.

"Ka ji fa, wai tuwo. Waɗannan tsofaffin nas ɗin karatun da ne da su. Sugan ya sauka ne saboda tsarin da muke bi. Yanzu mu koma tuwo ya sake hawa, a ce mun kashe ta?"

"Ni dai ban san wannan ba," in ji Barau. "Ke kika san abin da ya dace. Bari in je in yi la'asar kafin ruwan ya ƙare."

A gidan da babu hatsi, kowa ya san sunan abin da ke damun mutum, maƙwabta su kawo ɗauki. A gidan da sito ke cike, ga firji, ga faranti mai ado, sai a ce tsufa ne, a ce rikicewa ce, a ce jiki ne bai saba ba. Kowa a gidan nan yana da hujjarsa a hannu, kuma wadda abin ya shafa ta riga ta ba da shaida.

Barau ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo an cire robar. Ya ce ba sai an kawo keke ba, ya sunkuya ya ɗauki uwarsa da kansa. Ya ɗan tsaya da ya ji rashin nauyinta, kamar wanda ya ɗaga tulu yana zaton da ruwa. Ya kai ta mota ya kwantar a kujerar baya, ya kai hannu zai gyara mata mayafi.

A nan ta ji shi. Hannun damansa, duk da an wanke, yana ƙamshin miyar kuka. Da daddawa, da man shanu, da yaji mai citta. Irin tuwon da ake sayarwa a rumfunan bakin tasha, wanda ake ci da hannu, a sa a ƙaro miya.

Ta kamo hannun da nata biyu. Tun da aka yaye shi ba ta riƙe hannun nan ba. Ta jawo shi ta ɗora a fuskarta, ta rufe ido, ta ja numfashi mai tsawo. Ta sake ja.

Idon Barau ya ciko da ƙwalla. Ya juya wajen matarsa da ke zaune a gaba.

"Mansura, kin gani? Albarka take sa mini."

Ya zare hannunsa a hankali, ya rufe ƙofa, ya zagaya ya tayar da mota. Inna Lauratu ta haɗiye yawu. A ranta ta ce, to madalla, shi dai yana ci.